Bazara Ta Shigo: Ayyukan da Ikkilisiya Za Ta Yi Tare da Naƙasassu da Masu Kula da Su

 Hunturu ya wuce, iska ta juya, bazara ta shigo. Daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu zafin rana a yankinmu yakan haura digiri 40, ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa, hatsin rumbu ya fara raguwa. Masu ƙarfi da yawa sun tafi cin rani, ba za su komo ba sai an ga hadari. Waɗanda suka rage a gida su ne mata, yara, tsofaffi, da 'yan'uwanmu makafi, guragu, kurame, masu farfaɗiya, masu shanyewar ɓarin jiki, masu taɓin hankali da waɗanda kuturta ta bar wa tabo.

Wannan lokaci yana da wuya, amma kuma shi ne kaɗai lokacin da hannu yake sake. An gama girbi da sussuka, ba a fara shuka ba. Da zarar ruwan shuka ya sauka a watan Yuni, kowa zai nufi gona, ba mai waiwayar wani. Saboda haka idan ikkilisiya tana da niyyar yin wani abu domin naƙasassu da masu kula da su, to yanzu ne. Abin da muke so mu bayyana a wannan fitowa shi ne: naƙasasshe yana bukatar aiki da zumunci kamar yadda yake bukatar abinci, mai kula da shi kuma yana bukatar hutu. Duka biyun za su samu cikin makonni goma zuwa goma sha biyu na bazara, ba tare da kuɗi mai yawa ba.

A fara da ziyara da tambaya

Kafin a shirya kome, dattawan ikkilisiya da shugabannin Zumuntar Mata su zaɓi mutum uku ko huɗu, maza da mata, su bi gida gida. A sami littafi guda a rubuta sunan mutum, shekarunsa, abin da ke damunsa, wanda ke kula da shi, da kuma abin da ya iya yi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa da ita. Makaho mai shekara sittin wataƙila ya fi kowa a garin iya tukar igiya. Matar da ƙafa ta shanye mata wataƙila babu kamarta a ɗinkin faifai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a yi magana da mutumin kansa, kada a tsaya ana tambayar matarsa ko uwarsa alhali yana zaune yana ji.

A bincika da kyau, gama akwai gidajen da ake ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki saboda kunya ko tsoron bakin mutane. Kada a tsauta wa iyaye. A tuna musu da Yahaya sura 9, inda almajirai suka ɗauka zunubi ne ya jawo makantar wani mutum, Yesu kuwa ya nuna musu ba haka ba ne. Naƙasa ba la'ana ba ce, ba kuma maita ba ce.

Dokar zafi: lokaci, inuwa da ruwa

Duk aikin da za mu ambata a ƙasa, a yi shi daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 10 na safe, ko kuwa daga ƙarfe 5 na yamma. Tsakanin nan lokacin hutawa ne a inuwa. Rumfar kara ko gindin darbejiya sun fi ɗakin kwano sanyi nesa ba kusa ba. Idan akwai maras lafiya da ke kwance cikin ɗakin kwano, aikin farko da matasa za su yi shi ne kafa masa rumfa a tsakar gida, ko su shimfiɗa zana da kara a bisa kwanon.

Tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa, wanda kuma ba ya iya magana ba zai ce a ba shi ruwa ba. Wasu ma sukan ƙi sha don kada su dami mutane da kai su bayan gida. A riƙa miƙa musu ruwa kaɗan kaɗan tun safe, ba sai sun roƙa ba. Fitsari ja mai kauri alama ce jiki yana neman ruwa. Idan akwai zawo ko amai, a jiƙa ƙunshin ORS cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya.

Idan mutum ya rikice, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ko ya suma, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufa, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Bazara kuma lokacin sanƙarau ne. Tsakanin ƙarshen 2022 da Afrilun 2023, wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka yi zaton sun kamu da cutar a duk Nijeriya a Jigawa suke, kuma ƙananan hukumomin Maigatari da Sule Tankarkar ne abin ya fi shafa. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai suna Men5CV, wadda ke kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar. Alamun sanƙarau su ne zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya da amai; ga jariri kuma maɗiga takan kumbura. Wannan ba ciwon da ake kwana da shi a gida ba ne. A kai mutum asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gumel a ranar. Duk lokacin da masu rigakafi suka zo, a tabbata an fito da yaran da ba sa iya zuwa da ƙafarsu, gama su ne aka fi tsallakewa.

Ayyukan hannu a gindin itace

Sau biyu a mako, a taru a inuwar da ke kusa da majami'a. A zo da tabarmi, da randar ruwa, a buɗe da addu'a da waƙa. Kada a mai da shi taron naƙasassu kaɗai. Kowa ya zo, a zauna a gauraye.

Na farko, gyaran iri. Ɓarar gyaɗa, tsince wake mai ƙwari, ware gero da dawa masu kyau, da sheƙe riɗi, duk aikin zaune ne, makaho ma da yatsunsa yake gane ƙwaya mai rami. Bayan haka a gwada irin. A ƙirga ƙwaya 20, a naɗe cikin tsumma mai laima, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa har mako guda. Idan 16 ko fiye suka tsiro, irin yana da kyau. Idan bai kai haka ba, a ƙara yawan ƙwaya a rami ko a nemi wani tun da sauran lokaci. Gidan da ke da maras lafiya ba shi da ƙarfin yin shuka sau biyu. Amma maganin da ake cuɗa iri da shi guba ne: babba mai gani ne zai taɓa shi, a kuma ɓoye shi daga yara da masu taɓin hankali.

Na biyu, saƙa da tuka. Tabarma, faifai, mafici da igiya ta kabar goruba, duk suna da kasuwa. Kafin damina kowa yana neman igiyar ɗaure dabbobi da ta gyaran jinka. Ikkilisiya ta ba da rancen kaba, wani amintacce ya kai kayan kasuwa, kamar ta Maigatari da ke ci ran Alhamis. A miƙa wa mai aikin kuɗinsa a hannunsa, a gaban shaidu.

Na uku, renon itatuwa. A tara ledojin ruwa da aka yar, a huda ƙasansu, a cika da ƙasa da taki ruɓaɓɓe, a shuka zogale ko darbejiya. Ruwan da aka ɗauraye kwanuka da shi, in ba sabulu da yawa, ya isa ban ruwa. Lokacin da damina ta kankama sun isa dashe. Yaro mai jinkirin fahimta yakan riƙe irin wannan aiki da aminci idan aka ce waɗannan goma nasa ne.

Na huɗu, randa cikin randa. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan yake bushewa ta jikin babbar tukunya, yana janye zafi daga ta ciki. Tumatir, yalo da ganye sukan ƙara kwanaki ba su lalace ba. A busasshiyar iska irin tamu ta fi aiki. A haɗa wa kowane gida mai maras lafiya guda ɗaya.

Na biyar, kiwo. Akuya ɗaya ko kaji kaɗan da aka ba naƙasasshe da sunansa suna ba shi dalilin tashi da safe. Idan akuyar ta haihu, a miƙa 'ya mace ɗaya ga wani na gaba.

Gayyar gona da gyaran ɗaki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matasa da maza su keɓe safiyar Asabar uku ko huɗu don gayya a gonakin gidajen da aka rubuta: sharar gona, kai taki da amalanke, da gyaran shinge. A ɗauki mai gonar a amalanke a kai shi, a zaunar da shi a inuwa, shi zai nuna iyaka ya faɗi abin da za a shuka. Gonarsa ce, ba ta ikkilisiya ba.

Wajen shara kada a sassabe kowane toho. A ƙasar Maradi, tun daga 1983, ma'aikatan mishan na SIM tare da manoma suka fara barin tohon kututture: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Ta haka gonaki masu ɗimbin yawa a Nijar suka sake samun itatuwa. Ga gidan da mace ɗaya ce ke jinya, itacen girki a gona kusa ya rage mata tafiya mai nisa.

Hadarin farko yakan zo da iska mai ƙarfi. A duba jinka, azara da katangar ɗakin wanda ba zai iya gudu ba. A share hanyar da makaho ke bi zuwa bayan gida, kada a sauya wa kayansa wuri ba a gaya masa ba. A kafa sanda ko igiya a bayan gida don mai raunin ƙafa ya kama. Kunamu suna yawaita da zafi, don haka a kakkaɓe takalmi da shimfiɗa, masu kwana a waje kuma su shiga gidan sauro.

Ista ta kowa da kowa

Bikin tashin Ubangijinmu kullum yana faɗuwa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato cikin bazara. A Markus sura 2 mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye, da suka rasa hanya suka buɗe rufin ɗaki. Kowace ikkilisiya ta naɗa nata mutum huɗu. Su san wanda za a ɗauko, da amalanke ko babur, su kuma san wanda zai mai da shi gida.

A cike matakalar ƙofar majami'a da ƙasa a daɓe, ta zama gangara, domin keken guragu ya shiga. Kurma ya zauna gaba inda zai ga bakin mai wa'azi, kusa da ɗan gidansu da ya saba yi masa nuni da hannu. A ba makaho aya ya haddace ya faɗa, a sa mai murya cikin mawaƙa, a ba gurgu karɓar baiko ko karatun Littafi. Sujada kada ta yi tsawo har rana ta take. Wanda ba ya iya tashi sam, fasto da dattawa su kai masa Jibin Ubangiji gida, 'yan Sabon Rai ko Zumuntar Mata su raka su da waƙa. Malaman Makarantar Lahadi su tanadi wasannin da kowane yaro zai shiga, kamar kacici-kacici, tatsuniya, tafa-tafa da dara, su kuma hana ba'a tun daga ranar farko.

Mai kula ma mutum ne

A yawancin gidaje mace ɗaya ce ke ɗauke da nauyin: uwa, mata, ko yarinyar da aka cire daga makaranta. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce wanki, ita ce tashin dare. Takan yi shekara ba ta je kasuwa ko suna ko sujada ba. Idan ta faɗi, mutum biyu ne suka faɗi.

Zumuntar Mata ta tsara juyi, ta yadda kowace mai jinya za ta sami rabin yini ɗaya a mako, wata ta zauna a madadinta. Abin da za ta yi da lokacin nata ne, ko barci ne kawai. Samari su ɗauki nauyin jarka biyu ta ruwa kowace safiya ga irin waɗannan gidaje. Sau ɗaya a wata masu jinya su haɗu su kaɗai, su yi addu'a, su faɗi damuwarsu ba mai kai zance waje, su yi adashi in sun ga dama. Maza kuma, jinyar uba ko ɗa namiji ba abin kunya ba ne. Wankan namiji babba da ɗaga shi aikinku ne. Yarinyar da ke jinya a nemi hanyar da za ta koma aji.

Abubuwa huɗu da kowane mai kula zai koya

Wanda ke kwance: a juya shi kowace awa biyu, a duba ƙugu, duwawu da dunduniya. Gumi da fitsari suna saurin buɗe gyambo da zafi, don haka shimfiɗa ta kasance a bushe. Wajen ɗagawa a durƙusa da gwiwa, a matso da shi kusa da ƙirji, in ya yi nauyi a kira na biyu.

Mai farfaɗiya: ba a ɗaukarta ta miyau ko taɓawa. In ta tashi, a janye shi daga wuta, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Da jijjigar ta tsaya a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti biyar, sai asibiti. Kada ya je bakin rijiya ko murhu shi kaɗai, kada kuma ya yanke shan magani.

Wanda kuturta ta kashe wa ji a ƙafa ko hannu: yashin bazara yana ƙona shi bai sani ba. Kada ya taka ƙasa ba takalmi. Kowace yamma ya jiƙa ƙafafunsa cikin ruwa wajen minti 20, a goge kaushi a hankali, a shafa mai, a duba ko akwai ƙaya ko rauni. Kuturta tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kyauta ne, wanda ya fara sha kuma ba ya yaɗa ta. Babu dalilin ware masa kwano ko wurin zama.

Zabiya: hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, da aikin inuwa. Ƙurjin da ya ƙi warkewa a fatarsa a nuna wa likita da wuri.

Inda za a nemi taimako

Bazara ce lokacin tafiya asibiti, tun hanya ba ta jiƙe ba, aikin gona bai taso ba. Tsofaffi da yawa da ake kira makafi yanar ido ce kawai, aiki ɗan ƙanƙani yakan buɗe musu ido. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano yana wannan hidima tun 1943. Wanda gashin idonsa ya lanƙwashe yana sukar ƙwayar idon, kada a tsaya tsigewa, akwai aikin da ake yi. Don kuturta, a fara da jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma; akwai kuma asibitin Yadakunya kusa da Kano. Don taɓin hankali akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure. Ɗaure mutum da mari ba magani ba ne. Don karatun yara makafi da kurame akwai makarantar Tudun Maliki a Kano, da makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato wadda aka kafa a 1953. A haɗa mutum uku ko huɗu a tafiya guda don rage kuɗin mota, a keɓe baikon Lahadi ɗaya domin wannan.

Ku sani kuma doka tana bayansu. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, a 2020 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. A nan Jigawa, a shekarar 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara ba wasu naƙasassu alawus na naira 7,000 a wata. Sakataren ikkilisiya ya je sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ya tambayi abin da ake yi yanzu, ya kuma tabbata sunayen mutanenmu suna cikin rajista.

A sanar da mai unguwa da dagaci abin da ake shiryawa. Zafi da sanƙarau ba sa tambayar addinin mutum. Idan maƙwabcinmu Musulmi yana da maras lafiya a gida, a gaya masa ranar tafiya asibiti, a kuma yi masa gayya in ya yarda.

Abin yi a wannan mako

Ran Lahadi mai zuwa bayan sujada, dattawa su zauna su zaɓi masu ziyara, su sayi littafi, su sa ranar gayya ta farko. Kada a jira kayan agaji daga nesa. Tabarma, kaba, amalanke da hannuwa duk muna da su. Ku aiko mana da labarin abin da kuka yi ta hannun fastocinku domin wasu ikkilisiyoyi su ƙaru.

Mu yi addu'a domin masu jinya, Allah ya sabunta ƙarfinsu. Domin waɗanda suka tafi cin rani, su komo lafiya. Domin yaran da ke ɓoye a ɗaki, su fito cikin 'yan'uwansu. Da kuma domin damina mai albarka. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Amin.